Ranar da Hoton Kwalba Ya Tsaya

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe hoton ya tsaya a karo na huɗu, kuma wannan karon ya ƙi dawowa.

Auta tana zaune a bakin gado, laftof a gabanta kan kujerar roba, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa sikirin. A cikin sikirin ɗin ɗanta ne kwance a kwalbar asibiti, an sa masa 'yar hular da ta fi kansa girma, wata siririyar roba ta shiga hancinsa. Ita dai ƙirjinsa ta ƙura wa ido, ɗan ƙirjin da bai kai tafin hannunta ba. Tun ƙarfe tara yake hawa yana sauka, yanzu kuma ya tsaya cak.

"Inna!" Ta sake kira da ƙarfi. "Inna, zo ki gani!"

Kwana goma sha ɗaya ke nan da haihuwarsa, bakwaini, ya zo ba sallama tana tsakiyar aiki a shagon buga takardu. An sa shi a kwalba, ita kuma aka sallame ta bayan kwana huɗu, tana zuwa kullum ta tsaya a kansa. Sai ga ƙarambau ya feso mata, mace mai shekara talatin da ɗaya, ciwon da yara ke yi su manta. Likita bai yi mata kara ba. Ya ce ko ƙofar ɗakin jarirai kada ta dosa sai ƙurajen sun bushe, haka ma duk wanda ke kwana gida ɗaya da ita. Kwana uku ta yi ba ta gan shi ba, tana zaune jiki duk farin magani kamar bangon da aka fara fenti aka fasa.

Jiya ne Sistar ɗakin jarirai ta tausaya mata, ta ce akwai 'yar kamara a saman kowace kwalba, in tana da kwamfuta za ta iya ganinsa daga gida. Wayar Auta ƙarama ce mai maɓallai, ba ta buɗe irin wannan shafi, shi ya sa ta roƙi Oganta ya aiko mata da laftof ɗin da take aiki da ita a shago. Da safe Sista ta turo lambar shiga, ta haɗa da gargaɗi: lambar sau ɗaya take aiki, in aka rufe shafin sai kuma gobe.

Inna ta shigo tana goge hannu da gefen zani. Uwar Auta ce, tun ranar haihuwar ta tare a gidan, don mijin Auta direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya da kayan mutane.

"Me ya sami angon nawa?"

"Ba ya numfashi."

Inna ta matso, ta runtse ido, ta ja baya, ta sake matsowa. "Barci yake yi."

"Inna, mai barci ma ai yana numfashi."

Inna ta sake sunkuyawa kan sikirin. Auta ta ɗauki waya ta kira ɗakin jarirai. Ta yi ƙara har ta tsinke. Ta sake kira, ta sake tsinkewa. Kamarar nan kuwa ba ta nuna komai sai yaron da farin ƙyallen da ke ƙarƙashinsa. Babu agogo, babu taga, babu gilmawar mutum, babu wani abu mai motsi da za ta duba ta gane ko hoton ne ya daskare ko ɗanta ne.

Ana cikin haka hoton ya zabura. Hannun yaron da ke kusa da kunnensa sai ga shi a kan cikinsa, ba a ga lokacin da ya sauko ba. Ƙirjin ya ɗaga sau ɗaya, sau biyu, fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, sannan komai ya sake tsayawa.

"Kin gani ko? Ya motsa," in ji Inna. "Wasa yake mana, ja'iri."

Auta ta so ta yarda. Amma wani tunani ya zo ya zauna mata a ƙirji: wannan motsin, na yanzu ne ko na ɗazu? In injin yana jan ƙafa haka, wa ya sani ko abin da ya faru minti biyar da suka wuce yake nuna mata? Ta miƙe, ta fizgi mayafi daga ƙusa, tana laluben takalmi da ƙafa.

Inna ta riga ta isa bakin ƙofa. Tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa, yau ba a ga lokacin da ta tsallake ɗakin ba.

"Ina za ki?"

"Asibiti."

"Da wannan jikin? Ki je ki kai wa ɗanki abin da zai ƙarasa shi, ki haɗa da 'ya'yan mutane? Ba shi kaɗai ne a ɗakin nan ba, Auta. Koma ki zauna."

"Inna, ki bar ni in tsaya ko a bakin get ne."

"In kin tsaya a bakin get me za ki gani? Maigadi? Koma ki kira Yayanki. Ba shi ne likitan waɗannan injunan ba?"

Auta ta koma ta zauna, mayafin yana rataye a kafaɗa ɗaya. Ta yi tunanin kiran mijinta, ta fasa. Mutumin da ke riƙe da sitiyari ba a gaya masa irin wannan magana. Ta kira Yaya.

Yaya shi ne babban wansu, gyaran kwamfuta da wayoyi yake yi a can ɗaya gefen gari, tafiyar da ba ta gaza awa biyu in hanya ta cushe. Ya ɗauka cikin hayaniya, ana jin janareta da wani yana yi masa ciniki a kan caja.

"Auta mai ƙarambau! An girma ba a gama ciwon yara ba. Ya ƙaiƙayi?"

"Yaya, yaron ya daina motsi."

Hayaniyar ta ragu nan take, da alama ya shige can ƙuryar shago ya ja ƙofa. "Faɗa min a hankali. A ina kika gani?"

Ta faɗa masa, ba a hankali ba. Ta haɗa kamara da lamba da Sista da ƙirjin da wayar da ba a ɗauka, duk a numfashi ɗaya. Ya bari ta gama.

"To, saurara. Sa kunnenki kusa da laftof ɗin. Fankarta tana ƙara?"

Sai yanzu Auta ta lura. Tun safe injin yake huci kamar tsohon babur a kan tudu, ita ce ba ta ji ba.

"Tana yi. Sosai ma."

"Taɓa ƙasanta."

"Da zafi. Kamar dutsen guga."

"Motsa kibiyar nan ta kan sikirin. Tana bin yatsanki?"

Ta ja yatsa a kan ɗan faifan da ke motsa kibiyar. Kibiyar ta yi zamanta, sai can ta yi tsalle ta faɗa wata kusurwa.

"Ba ta bi. Sai daga baya."

"Netwok fa?"

"A cike yake."

"To, injin ne ya shaƙe. Hoton ne ke tsayawa."

"Ka rantse, Yaya."

Yaya mutum ne da zai iya rantse maka cewa tsohon batir sabo ne fil, amma yau ya ƙi. "Ba zan rantse ba, Auta, don ba na ganinsa. Abin da na sani shi ne injinki ba ya nuna miki gaskiya. Bari mu gyara shi mu ga gaskiyar. Laftof ɗin wa ce?"

"Ta shagonmu. Wadda nake aiki da ita."

"Ta shagon Oganku?" Ya ja tsaki mai tsawo. "Shi ke nan, na gane. Kun kashe mata komai, ko?"

Auta ta san abin da yake nufi. A shagonsu akwai doka, kuma Oga yana ji da ita fiye da yadda yake ji da injin fotokofi. Duk kwamfutar da ta shigo, kafin a buga harafi ɗaya da ita, sai an shiga saitin an bi layi-layi an kashe duk maɓallin da aka gani a kunne. Wai don batir ya daɗe in an ɗauke wuta, kuma don kada 'yan mata su riƙa kallon fim a lokacin aiki. "Mu rubutu muke bugawa," in ji shi, "ba gidan siliman muka buɗe ba." Babu wanda ya taɓa tambayar me kowane maɓalli yake yi, shi kansa Ogan bai sani ba. In shuɗi ne, a mayar da shi toka-toka, magana ta ƙare. Auta kuwa ita ce ta fi kowa iya wannan aiki, ita ke koya wa sababbin ma'aikata. Wannan laftof ɗin da hannunta ta bi ta kashe mata komai shekara biyu da suka wuce, har Oga ya yaba mata a gaban kowa.

"Ni na kashe," ta ce da ƙaramar murya. "Da hannuna."

"Ba yanzu za mu yi shari'a ba. Ki gane, ma'aikata biyu ne a cikin injin nan. Ɗaya na lissafi da rubutu, ɗaya kuma aikinsa ke nan hoto da bidiyo, shi ake kira katin girafik. Ke kin sallami na hoton, kin hana burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta neme shi, kin bar ɗayan da aikin mutum biyu. Rubutu ba zai dame shi ba, shi ya sa ba ku taɓa lura ba. Amma bidiyo kai tsaye, awa biyu? Dole ya faɗi. Yanzu za mu dawo da na hoton bakin aiki. Kin ga ɗigo uku a can sama, ta hannun dama?"

"Na gani."

"Danna. Ki sauka ƙasa, ki shiga saitin."

"Hoton zai tafi?"

"Ba zai tafi ba, yana nan a shafinsa. Wani shafin ne zai buɗe a gefensa."

Ta danna. Injin ya yi ta nazari kamar an tambaye shi abin da bai taɓa ji ba, sannan farin shafi ya rufe fuskar ɗanta. Ko da yake hoton a daskare yake, da ya ɓace sai ta ji kamar an zare mata wani abu daga ciki. Inna ta dafa bayan kujerar, tana ta motsa baki ba a jin abin da take faɗa.

"Akwai wurin nema a sama," in ji Yaya. "Rubuta girafik, da Turanci, yadda kuke rubuta shi."

Auta mace ce da ke buga shafi guda kafin shayi ya huce, ba ta ko kallon maɓallai, ɗalibai har layi suke yi a teburinta. Yau kalma ɗaya ta gagare ta. Ta buga, ta goge, ta buga, yatsun suna faɗawa kan haruffan maƙwabta. A karo na uku ta samu.

"Ya fito. Layi ɗaya ne, da maɓalli a gefensa."

"Wane launi?"

"Toka-toka."

"Shi ne ɓarawon. Danna shi."

Ta danna, ya koma shuɗi. Sai wani ɗan akwati ya ɓullo kusa da shi, wanda babu shi ɗazu.

"Yaya, wani abu ya fito. Wai a sake tayar da burauza."

"Yawwa. Danna shi ma. Sai an tayar gyaran zai kama."

Yatsanta ya tsaya a sama. "In na danna, zai rufe shafukan?"

"Zai rufe, ya sake buɗe su da kansa."

"Har na asibitin?"

"Har shi."

"Yaya, Sista ta ce lambar sau ɗaya take shiga. In na rufe sai gobe."

Auta ta san Yayanta, ta san yana can yana sosa ƙeya.

"Yawanci," ya ce, "yana mayar da mutum inda yake, ba ya sake neman lamba."

"Yawanci?"

"Ya danganta da yadda suka tsara shafin nasu. Ban san nasu ba, Auta. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta dubi agogon bango. Sha biyu saura kwata. In shafin ya tafi, sai ƙarfe tara na gobe, awa ashirin da ɗaya tana zaune a ɗakin nan tana kiran wayar da ba a ɗauka. Ta ji tsoro ya kama ta sosai. Ta koma shafin asibitin don ta ƙara ganinsa. Yana nan yadda ta bar shi, hannu a kan ciki, sai dai yanzu bakinsa a ɗan buɗe yake, kuma ba ta tuna ko ɗazu a buɗe yake ba.

"Bari in ƙara jira kaɗan," ta ce. "Wataƙila ya saki da kansa."

"Zai saki, ya sake kamawa. Haka za ki wuni."

"Ai gara haka da babu."

Inna ce ta sa baki. Ba ta fahimci ko ɗaya daga maganar ma'aikata biyu ba, amma ta fahimci 'yarta. Ta zagayo ta zauna kusa da ita a bakin gado, gadon ya yi ƙara.

"Auta, wannan da kika tasa a gaba, da shi da hoton da ake ratayewa a bango duk ɗaya ne. Tun ɗazu kike kallonsa, ya gaya miki yana da rai? Bai gaya miki ba. Ko ki danna, ko ki nuna min wurin in danna, ni ba na tsoron injin."

"In ya tafi fa, Inna?"

"In ya tafi mu kwana biyu muna kuka, ni da ke. Danna."

Auta ta koma saitin. Ta ɗora kibiyar a kan akwatin, sai da ta jira kibiyar ta iso, ta ce bismillah, ta danna.

Komai ya ɓace. Sikirin ya koma fuskar da ta saba gani kowace safiya a shago, cike da fayilolin mutane: kundin wani ɗalibi, takardar neman aiki, katin gayyata da ba a zo karɓa ba. Ta tsani kowane ɗaya daga cikinsu. Fankar ta yi wani dogon nishi ta yi shiru, ɗakin ya yi tsit har ana jin ɗigar famfo daga banɗaki.

"Me kike gani?" in ji Yaya.

"Babu komai."

"Jira."

"Babu komai, Yaya!"

"Na ce ki jira. Tsohuwa ce, ba ta tashi da sauri."

Burauzar ta buɗe. Farin shafi, da wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiya. Ya juya, ya juya. Sunan asibitin ya fito a sama, ƙarƙashinsa wani dogon fili fari wanda ya yi kama da wurin sa lamba. Sai filin ya yi baƙi, ya faɗaɗa, ya cika sikirin, kuma ga shi nan.

Ƙirjin yana hawa yana sauka. Sauri-sauri, ba tsalle, ba farfashewa, kamar ta leƙa ta gilashin kwalbar da idonta. Auta ta saki wani sauti da ba kuka ba ne ba kuma dariya ba, wayar ta zame daga kunnenta ta faɗa cinya.

"Ya dawo?" muryar Yaya ta fito daga cinyar. "Ke Auta! Ya dawo?"

Inna ce ta ɗauka ta kara a baki kamar mai magana da kurma. "Ya dawo! Ga shi nan yana ta fama. Allah ya yi maka albarka."

Sai yanzu suka gan shi da kyau. Ashe duk safiyar nan inuwarsa kawai suke kallo. Ga haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa, ga 'yan faratansa, ga wata jijiya shuɗiya a gefen goshi. Ya yi shaƙuwa, duk jikinsa ya girgiza, ya yamutsa fuska kamar dattijon da aka tasa daga barci. A kumatunsa akwai filastar da ta riƙe robar hancin, bakinta ɗaya ya ɗan ɓalle, iskar ɗumin da ke cikin kwalbar tana kaɗa shi a hankali ba tsayawa.

"Dubi angon nawa," in ji Inna tana share ido. "Ko kilo biyu bai kai ba, ya iya ɗaure fuska. Wannan goshin na ubansa ne, Allah ya sa kada ya ɗauko har da taurin kan."

Auta ta karɓi wayar. Yaya ya dawo Yayan da ta sani, yana ta cika baki. Ya ce ta gaya wa Oganta ya zo shago ya ɗauki darasi kyauta, ya ce mutumin da ke kashe abin da bai sani ba wata rana zai kashe firij ya ce yana tattalin ƙanƙara. Auta ta yi dariya, karo na farko cikin kwana uku, har ƙurajen gefen bakinta suka yi mata zafi. Ta taɓa ƙasan laftof ɗin, ya fara hucewa.

"To, bari in koma, na bar mutum a tsaye," in ji Yaya.

"Tsaya kaɗan, Yaya. Minti ɗaya, in tabbatar."

Ba ta rufe baki ba ƙirjin ya tsaya.

Wannan karon ba ta firgita ba, tsaki ma ta yi. "Ka gani ko? Ya sake maƙalewa."

"Haba dai. Motsa kibiyar."

Ta motsa. Kibiyar ta bi yatsanta sumul, hagu, dama, ko gardama babu.

"Tana bi."

"Fanka fa?"

"Shiru."

"To ai bai kamata..." Bai ƙarasa ba.

Inna ta miƙa yatsa ta nuna sikirin. "Auta. Wannan 'yar filastar ai tana motsi."

Tana motsi kuwa. Bakin filastar yana ta kaɗawa a iskar kwalba, sama, ƙasa, hankalinsa kwance. Hoton lafiyarsa lau. Ƙirjin ne ba ya motsi.

Auta ba ta san lokacin da ta durƙusa a ƙasa ba, ta riƙe gefen sikirin da hannu biyu. "Yi numfashi," ta ce. "Yi numfashi, ɗana. Don Allah yi numfashi." Kamarar ba ta ɗaukar sauti, ba ta kuma kai sauti, ta san da haka, amma ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji. "Sista! Wani ya zo! Ku zo ku duba shi!" Inna tana salati da ƙarfi. Yaya yana kiran sunanta daga wayar da ta faɗi ƙarƙashin kujera, babu mai amsa masa. Leɓunan yaron suka fara sauya launi, kuma hoton yana da kyau ƙwarai, babu abin da ya ɓoye mata.

Sai hannu ya shigo ta gefe, sanye da safar roba. Bai zo da gaggawa ba, bai kuma yi nawa ba. Ya kama ɗan tafin ƙafar, ya murza shi da babban yatsa. Shiru. Ya sake murzawa, ya zura ƙarƙashin bayan yaron ya shafa sama da ƙasa. Yaron ya zabura, ya buɗe baki, ƙirjin ya ɗaga har haƙarƙarin suka fito, ya sauka, ya sake ɗagawa. Hannun ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, ya gyara hular, ya danne bakin filastar da ya ɓalle, ya fita.

Auta ta zauna daɓas a kan siminti. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba sai da wayar ta yi ƙara a ƙarƙashin kujera. Kiran Yaya ya riga ya tsinke. Lambar ɗakin jarirai ce.

"Maman bakwaini na gado shida?" Muryar Sista ce, a gajiye. "Na ga kiranki har sau biyu. Ki yi haƙuri, hannunmu a cike yake tun safe."

"Sista, na gani. Yanzun nan. Na ga ya tsaya."

"Au, kina kallo?" Sista ta sauke numfashi. "To, ki saurare ni. Irin waɗannan 'ya'yan, wani lokaci mantawa suke yi su ja numfashi, don wurin da ke tuna musu a ƙwaƙwalwa bai gama nuna ba. Akwai na'ura a jikinsa, da ya tsaya take yin ƙara, mu zo mu tuna masa. Muna ba shi magani kuma. Yawancinsu suna dainawa in sun ƙara kwana."

"Ya taɓa yi kafin yanzu?"

"Yana yi."

"Yau sau nawa?"

Aka ji ana buɗe takarda. "Wannan ne na uku tun safe."

Auta ta rufe ido. Sau huɗu hoton ya tsaya mata da safe, sau huɗu tana zagin injin a zuciyarta tana roƙon ya saki. A cikinsu wanne ne injin, wanne ne ɗanta? Babu wanda zai iya gaya mata, har Yaya.

"Kina ji na?" in ji Sista. "Wasu iyayen ba sa iya jure kallon, kuma ba laifi ba ne. In kina so in kawar da kamarar, in riƙa kiranki safe da yamma ina gaya miki yadda yake. Ke ma ba lafiya ce da ke ba."

Inna tana jin komai, don ɗakin shiru ne. Ta dubi 'yarta ta gyaɗa kai, alamar ta karɓa. Auta ta dubi sikirin. Yaron ya koma barcinsa, ƙirjin yana ta aikinsa sauri-sauri, kuma ta san zai sake tsayawa, wataƙila kafin la'asar, kuma in ya tsaya babu sauran injin da za ta ɗora wa laifi. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan.

"A'a, Sista," ta ce. "A bar ta."

Ta tashi daga ƙasa da ƙyar, ta cire mayafin da har yanzu ke rataye a kafaɗarta, ta koma bakin gado. Wayar ta sake ƙara. Yaya ne, muryarsa a sama, da alama har ya fito titi yana neman abin hawa.

"Auta, me ya faru? Gyaran ne bai kama ba? In taho?"

"Koma shago, Yaya. Ya kama," ta ce, idonta a kan ƙirjin. "Komai ana gani."